Inuwar Kasuwa Na Ƙarewa: Abin Da Ke Ɗaye Ɓawon Itatuwa A Maraɗi, Tibiri Da Jiratawa

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a Maraɗi cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ba sai an gaya masa darajar inuwa ba. Mai tumatir ta san cewa kwandon da ya yini a rana kafin la'asar ya fara ruwa, mai goro ya san abin da rana ke yi wa huhunsa, mai zogale kuwa da ta taso daga Jiratawa tun da asuba, idan ba ta samu gindin icce ba, kafin azahar ganyen ya yi yaushi, sai ta karya kuɗinsa ta sayar don kada ta koma gida da shi. A taƙaice dai, ga mafi yawan ƙananan 'yan kasuwa, gindin icce shi ne shagon da ba a biyan hayarsa.

To amma wannan shago yana cikin wani hali. Mun zagaya gefen kasuwanni da bakin tituna da tashoshin mota a Maraɗi, mun leƙa Tibirin Gobir, sannan muka gangara Jiratawa, kuma abin da idonmu ya fi cin karo da shi shi ne itatuwan da gindinsu ya zama tsirara, wani an sassaƙe masa gefe guda, wani wuta ta ƙone shi, wani kuma waya ta nutse cikin jikinsa. Mafi yawansu har yanzu da ganyensu kore shar, shi ya sa masu zama a ƙarƙashinsu ba su damu ba. Sai dai kuma a nan ne matsalar take, domin iccen da aka ɗaye wa ɓawo ba ya mutuwa a ranar, a hankali yake tafiya.

Inda ran icce yake

Kafin mu shiga abubuwan da ke jawo wannan ɓarna, ya kamata mai karatu ya san aikin ɓawo a jikin icce. Ɓawo hawa-hawa ne. Na waje, wato busasshen nan mai kaushi, shi ne rigar icce, yana kare shi daga rana da wuta da ƙwari. A ƙarƙashinsa akwai ɗanyen ɓawo mai laushi, wanda ta cikinsa ne abincin da ganye ke haɗawa yake gangarawa zuwa saiwa. Tsakanin wannan ɗanyen ɓawo da katakon ciki kuma akwai wani siririn shimfiɗi mai santsi, wanda bai kai kaurin farce ba, shi ne ke haifar da sabon katako da sabon ɓawo kowace shekara. Shi kuwa ruwan da saiwa ke sha, ta cikin katakon yake hawa sama.

Saboda haka idan aka ɗaye ɓawo zagaye da gindi, ruwa zai ci gaba da hawa, ganye zai ci gaba da zama kore, amma abinci ya daina sauka. Saiwa za ta riƙa cin abin da ta ajiye har ya ƙare, kamar ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa yana cin uwar kuɗi. Wannan kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Ranar da iccen ya bushe, an riga an manta da wanda ya sa masa wuƙa, sai a ce fari ne, ko gara, ko kuma a ce tsufa ne kawai.

Akwai kuma itatuwan da zubar da ɓawo ɗabi'arsu ce. Turare da gwaba da marke sukan saki tsohon ɓawo da kansu, kamar yadda maciji ke saɓa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, idan aka ɗaga wanda ya ɓamɓare aka ga sabon ɓawo lafiyayye a ƙarƙashi, babu abin damuwa. Idan kuwa katako aka gani fari fat, ko baƙi mai danshi, ko garin katako na zuba, to iccen yana da rauni.

Masu sassaƙe

Babban abin da ya fi cin madaci shi ne ɗacinsa. Tun kaka da kakanni ana jiƙa sassaƙensa don ciwon ciki da zazzaɓi, ana kuma bai wa dabbobi. Haka kirya da ɗanya da marke da bagaruwa, kowanne da masu nemansa, kalgo da kuka kuwa ana ɗaye su don igiya. Ba mu ce sassaƙe laifi ba ne, domin sana'a ce da ke ci da mutane da yawa, kuma ko maganin Turawa yana da tarihi da ɓawon icce. Kwinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, a 1820 ne wasu masu haɗa magani biyu a Faransa suka tace shi daga ɓawon wani icce na Kudancin Amurka.

Abin da ya canza shi ne yawan masu ɗiba da kuma yadda ake ɗibar. Masu maganin gargajiya na da sukan ce a sassaƙo gabas da yamma, kuma ko mene ne dalilinsu na faɗin haka, wannan ƙa'ida tana barin kudu da arewa da ɓawonsu, ta yadda abinci ke samun hanyar sauka har raunin ya rufe. Yanzu kuwa da sassaƙe ya zama hajar da ake cika buhu da ita, wani ya ɗebi gabas yau, gobe wani ya ɗebi abin da ya rage, kafin a ankara an zagaye gindin. Wasu kan kafa hujja da kuka, cewa ai ana ɗaye ta kuma ta mayar. Gaskiya ne kuka tana mayar da ɓawonta ko da an zagaye ta, amma wannan baiwa ce da ba kowane icce ke da ita ba. Wanda ya gwada haka a jikin bedi ko mangwaro ko tsamiya, ya kashe su.

Darajar madaci ta wuce Maraɗi. A 2022, a taron ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai da aka yi a Panama, an saka dangin madaci na Afirka cikin itatuwan da sai da takardar izini ake fitar da katakonsu zuwa wata ƙasa, saboda yadda suke raguwa.

Murhu a gindin icce

Abu na biyu ya shafe mu kai tsaye, musamman iyayenmu mata masu tuyar ƙosai da awara da masa, da masu shayi da masu tsire. Don guje wa iska, akan jingina murhu da gindin icce. Shi kuwa siririn shimfiɗin nan da muka ambata, zafin da ya kai kamar digiri 60 ya isa ya kashe shi, wato zafin da bai kai na tafasar ruwa ba. Ba sai harshen wuta ya taɓa iccen ba, hucin murhu na kullum ya wadatar. Bayan 'yan watanni sai a ga ɓawon wannan gefen ya bushe ya tsage, ya fara faɗuwa falle-falle.

Haka abin yake ga mai juye garwashi da toka mai zafi a gindi idan an tashi kasuwa, da mai watsa ruwan zafin wanke tukunya, da masu tara shara da leda a jikin icce su cinna mata wuta da yamma. A garejoji kuma akwai masu zubar da baƙin mai da ruwan batir, waɗanda ke ƙona saiwa daga ƙasa.

Bisashe, igiya da ƙusa

Ranar kasuwa, a Maraɗi Litinin da Juma'a, ko kuma ranar cin kasuwar Tibiri, mutanen ƙauye kan iso da amalanke, kuma wurin ɗaure jaki ko sa ba ya wuce iccen da ya fi kusa. Igiya na gogar wuri guda mako bayan mako, jakin kuma idan yunwa ta kama shi sai ya shiga gaigayar ɓawon. Awaki sun fi ɓarna, musamman a bazara lokacin da ciyawa ta ƙare, domin akuya kan ɗaye ƙaramin dashe tas cikin yini ɗaya. A lambunan Jiratawa, inda zogale da mangwaro da lemo da gwaba suke jari, manoma sun san cewa rana ɗaya da shinge ya faɗi tana iya cinye wahalar shekara biyu.

Sai kuma ƙusa da waya. Mai kayan gwanjo ya kafa ƙusa ya rataya riguna, mahauci ya rataya nama, wani ya ɗaura waya don jan rumfa ko allon talla. Ƙusa ɗaya ba ta kashe babban icce, amma kowace ƙusa ƙofa ce da aka buɗe wa ruɓa. Waya ta fi haɗari, saboda icce na ƙara kauri ita kuwa ba ta buɗewa, a hankali sai ta shaƙe shi kamar an zagaye shi da wuƙa. A tashoshi kuwa manyan motoci da ke ja da baya sukan kwashe ɓawo faɗin faranti a bugu ɗaya.

Sara, rana da ƙishirwa

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda ake sare rassa. Idan aka yi wa icce aski kwal don itacen girki ko don buɗe gaban shago, gangar jikin da ta saba da inuwa sai ta wayi gari a tsakar rana, kuma a jikin itatuwa masu siririn ɓawo kamar mangwaro da lemo, gefen da rana ta fi duka yakan ƙone ya tsage. Haka idan aka sari babban reshe daga sama kawai, nauyinsa kan fizge shi ya yage ɓawo har ƙasa.

Ƙishirwa ma tana da nata kaso. Ruwan saman Maraɗi yana zuwa ne tsakanin Yuni da Satumba, sauran watannin icce yana rayuwa ne da abin da ƙasa ta riƙe. Idan aka malale gindinsa da siminti, ko ƙafa da taya suka daddaɓe ƙasar ta yi tauri, ruwan sama sai ya gudu bai shiga ba. Wannan ba sabon darasi ba ne. Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, baƙo ne daga yankin Indiya, an fara dasa shi a Borno a 1928, daga baya ya zama iccen titi da kasuwa a duk ƙasar Hausa. Wajen 1990 sai aka ga bedi da yawa a Nijar suna zubar da ganye, rassa na bushewa, sai ɗan tuntun ganye a can ƙarshen reshe. Masanan da suka zo bincike ba su gano wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifin ba, sun fi danganta abin da ƙarancin danshi da taurin ƙasa. Ke nan ko bedi da ake ganin ba ya jin wahala, yana da iyakarsa.

Ita kuwa gara da ake yawan zargi, a jikin babban icce mafi yawan lokaci mataccen ɓawo da busasshen katako take bi. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wuƙa ko wuta ce ke fara buɗe ƙofa, sannan gara da tsutsa mai huda katako da ruɓa su biyo baya. Ƙananan dashe ne, musamman turare, gara kan kama da ransu.

Yadda za a auna rauni

Ga wata dabara da kowace mai sana'a za ta iya yi da igiyar ɗaure kaya. A zagaya gindin iccen da igiya daidai wurin raunin, a riƙe tsawon, sannan a ninka shi gida huɗu. Idan faɗin raunin bai kai ninki ɗaya ba, galibi iccen zai rufe shi da kansa muddin aka daina ƙara masa wani. Idan ya kai ninki biyu, wato rabi, iccen yana cikin haɗari, kuma rassan wannan gefe na iya bushewa. Idan kuwa an zagaye shi gaba ɗaya, to sai wani ikon Allah. Abin lura shi ne faɗin rauni ya fi tsawonsa muni, dogon tsagi daga sama zuwa ƙasa bai kai gajeren yanka na kwance illa ba.

Idan raunin sabo ne, misali mota ce ta kwashe ɓawon yanzu-yanzu kuma bai bushe ba, a mayar da shi wurinsa yadda yake, sama a sama, a ɗaure da tsumma mai tsabta ba tamau ba, a kare shi daga rana. Wani lokaci yakan kama. Bayan 'yan makonni a duba, kuma kada a manta da ɗaurin har ya zama wata sabuwar waya.

Idan raunin ya kwana biyu, a sa wuƙa mai kaifi da tsabta a gyare ɓawon da ya saki yana reto, ba tare da an shiga lafiyayyen ba, sai a bar wurin ya sha iska. Kada a shafa baƙin mai ko fenti ko kwalta, kada kuma a cika kogo da siminti. Wani masanin itatuwa na Amurka mai suna Alex Shigo da abokan aikinsa sun gwada irin waɗannan shafe-shafe a shekarun 1970 da 1980, suka ga ba sa hana ruɓa, wasu ma danshi suke riƙewa a ciki. Icce ba ya warkewa irin na fatar mutum, killace wurin da ya lalace yake yi daga ciki, sannan sabon nama ya taso daga gefe-gefe kamar leɓe har ya haɗe. Idan aka ga wannan leɓe yana tasowa, alama ce ta samun sauƙi.

Ga mangwaro ko lemo mai daraja da akuya ta zagaye, akwai dabarar da masu auren itatuwa suka sani, wato a yanko 'yan rassa ɗanyu daga iccen, a soke su ƙarƙashin ɓawon sama da na ƙasa su zama gada a kan raunin. Aiki ne na gwanaye, sai a nemi masu lambun da suka iya aure, ko malaman gona.

Rigakafi

Sauran aikin duk rigakafi ne, kuma ba ya cin kuɗi. A janye murhu kamar taku uku daga gindi, a kare iska da guntun kwano. A kafa turke don jaki da akuya. A kwance duk wayar da ta zagaye icce, idan rataya ta zama dole a yi amfani da faffaɗan ƙyalle a reshe, a riƙa sassauta shi. Mai yin daɓen siminti a gaban shago ya bar fili zagaye da gindin don ruwa ya shiga. A bazara, ruwan alwala da ruwan ɗauraye kayan miya sun isa su taimaki icce, amma ban da ruwan omo da na gishiri, kuma a zuba shi ɗan nesa da gindi inda ƙananan saiwoyi suke. Ƙaramin dashe a kewaye shi da ƙaya ko bulo har ya fi ƙarfin akuya. Wurin sare reshe, a fara tsaga shi daga ƙasa kafin a sara daga sama, kuma a bar ɗan kumburin da ke gindin reshen, domin daga nan ne rufewa ke farawa.

Masu sassaƙe kuma, tunda abincinsu a nan yake, su ne ya fi kamata su kiyaye. A ɗebi siriri a tsaye, a gefe guda, a bar iccen ya rufe kafin a dawo, kuma inda reshe zai biya bukata a bar gangar jiki. A ƙasar Fotugal, inda ɓawon wani icce da ake murfin kwalba da shi yake babbar haja, doka ta hana a sake ɗaye icce sai bayan shekara 9. A Kanada kuma, iccen mapul da ganyensa ke jikin tutarsu, ana tatsar ruwansa mai zaƙi ta ɗan ƙaramin rami, kowace shekara a sauya wuri, shi ya sa icce ɗaya kan ciyar da uba ya ciyar da ɗa.

Akwai kuma batun tsaron rai. Iccen da ya yi kogo, ko naman kaza ya fito a gindinsa, ko ya karkata, ko yake da manyan busassun rassa a kan masu kasa kaya, to kafin iskar farkon damina a sanar da shugabannin kasuwa da ma'aikatan gandun daji. Kada mutum ya ɗauki gatari da kansa, domin dokar gandun daji ta Nijar ta 2004 ta tsara yadda ake taɓa itatuwa, kuma sara ba da izini ba na iya jawo tara.

Maraɗi ta taɓa yi

Ba mutanen Maraɗi za a koya wa rainon icce ba. A wannan gari ne aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayun 1984, zamanin Shugaba Seyni Kountché. A wannan jiha ce kuma, daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani, wato a bar kututturen da ke toho a gona, a rage masa rassa a raine shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin eka-eka har hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma a 2018 aka ba Rinaudo wata babbar kyauta a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki. Manoman ba su sayi dashe ba, abin da ke akwai suka kiyaye.

Kowace ranar 3 ga Agusta akan dasa itatuwa a faɗin Nijar, kuma abu ne mai kyau. Sai dai dashen bana ba zai ba mai tumatir inuwa ba sai bayan shekaru, shi kuwa bedin da take zaune a ƙarƙashinsa yau wani ne ya dasa ya yi ta ban ruwa, wataƙila ma ya riga mu gidan gaskiya. Idan ya bushe, sai sayen tampol da rana ke cinyewa, ko rumfar kwano mai zafi kamar tanda. Don haka muke kira ga sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin mata masu sana'a da 'yan tasha, kowane layi ya san itatuwansa, masu zama a gindin kowane icce su ɗauki alhakinsa, su yi wa mai wuƙa da mai murhu magana cikin lalama. Gobe idan an fito kasuwa, kafin a shimfiɗa buhu, a ɗan zagaya bayan iccen a duba halin da yake ciki. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya sa mu ga damina lafiya.